Kumburin Muƙamuƙi Da Na Ido: A San Sunan Ciwo Kafin A Sa Wuƙa

Kowace safiya a makarantunmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kafin a shiga aji, yara su kan yi layi, malamai su bi su ɗaya ɗaya suna duba farce da haƙora da kai. A ganina babu wani ma'aikaci a ƙasar nan, ko da likita ne, wanda ya ke kallon fuskokin yara masu yawa a kullum kamar malamin makaranta. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo wa malamai da iyayen yara bayanin wani irin ciwon daji wanda ya kan fito a muƙamuƙi, ko a gurbin ido, ko cikin hanci, ko a wuya. Ba shi da yawa, gaskiya ne. Malami ya kan yi shekara 20 yana koyarwa bai gamu da shi ba ko sau ɗaya. Amma wanda abin ya faɗa wa, sau da yawa ransa ya kan rataya ne a kan abin da aka yi masa cikin makonnin farko, tun likita bai gan shi ba.

Likitoci suna kiran wannan dangin ciwo sakoma, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar nama. Yawancin ciwon dajin da mu ke ji, kamar na mama da na bakin mahaifa, ya kan taso ne daga fata, ko daga ɗan tantanin da ya lulluɓe cikin kayan jiki. Ita kuwa sakoma daga ginshiƙan jiki ta ke tasowa, watau ƙashi da guringuntsi da tsoka da kitse da jijiyoyin jini. In aka tara manya 100 masu ciwon daji, kimanin mutum 1 ne za a samu mai sakoma. Wajen yara rabonta ya fi haka nesa, ya kai wajen 15 cikin 100. Kuma ba ciwo ɗaya ba ce, an ƙidaya mata iri fiye da 50, kowanne da halinsa. Wanda ya fito a kai da wuya shi ne ya fi ba likitoci wahala, gama wurin ƙunci ne. A cinya likita yana da fili, ya iya yanke ƙari tare da naman da ke kewaye da shi, mutum ya tashi ya ci gaba da tafiya. A fuska kuwa, in wuƙa ta matsa kaɗan ta taɓa ido, in ta yi sama ta isa ƙwaƙwalwa, in ta yi ƙasa ga manyan jijiyoyin wuya.

To, kada mai karatu ya firgita. Mafi yawan kumburin fuska ba daji ba ne. Akwai na ruɓaɓɓen haƙori, akwai hangum, akwai maruru, akwai kaluluwa wadda ta kan biyo bayan ƙurji a kai ko ciwon maƙogwaro. Akwai kuma wani ƙari na muƙamuƙi wanda likitocin haƙori na ƙasar nan suka saba gani ƙwarai, suna ce masa amelobilastoma, ya kan yi shekaru yana girma sannu a hankali, ya ɓata fuska, amma ba ya yawo cikin jiki. Abin lura shi ne yawancin waɗannan na farko suna zuwa da zafi da zazzaɓi, su nuna, su fashe ko su sace cikin mako 1 ko 2. Kumburin da ya kamata a ji tsoro shi ne mai tauri, wanda sau da yawa ba ya ciwo da fari, ba ya jin magani, kullum sai ƙaruwa. Haka kuma in haƙoran yaro suka kama girgiɗa gaba ɗaya ba lokacin famfara ba, ko leɓen ƙasa ya mutu kamar an yi masa allurar kashe zafi, ko ido ɗaya ya soma turowa waje, ko kafar hanci ɗaya ta toshe tana haɓo a kai a kai, ko kunne ya daɗe yana zubar da ruwa haɗe da jini.

Abin da na ke so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne wannan. Kumburi 3 su kan yi kama da juna a ido, har gwanin likita ya kasa rarrabe su, alhali kuwa maganinsu ya sha bamban ƙwarai. Ɗaya magani kaɗai ke narkar da shi, wuƙa ba ta da aiki a kansa. Ɗaya sai an haɗa masa magani da gashin na'ura. Ɗaya kuwa in ba wuƙa ba babu abin da zai fid da shi. Ba a sanin wanne ne sai an gutsuri ɗan nama kaɗan an duba da madubin likita.

Tarihin na farkon ya isa misali, domin likitan da ya fara bayyana shi ma da sunan sakoma ya kira shi. A 1957, a asibitin Mulago na birnin Kamfala a ƙasar Yuganda, aka nuna wa wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, mutumin Ailan, wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙansa sama da ƙasa, dama da hagu, duk sun kumbura. Ba a jima ba ya sake ganin wani yaron mai irin wannan a garin Jinja. Shi Burkitt ido ɗaya gare shi, ya rasa ɗayan tun yana yaro, amma ya ga abin da masu ido biyu suka daɗe suna wucewa. Ya koma ya tono takardun asibiti, a 1958 ya buga bayanin yara 38, ya ce sakoma ce mai kama muƙamuƙin yaran Afirka. Sai da masu duba nama suka zauna a kansa sa'an nan aka gane dajin kaluluwa ne, irin wanda a ke kira limfoma, aka kuwa laƙaba masa sunan Burkitt har yau.

A 1961 shi da abokansa likitoci 2 suka hau wata tsohuwar mota, suka yi tafiyar mil 10,000 cikin mako 10, suna bin asibitoci fiye da 50 na gabashi da kudancin Afirka suna tambaya ina a ke ganin ciwon, ina ba a gani. Suka tarar ya fi yawa inda a ke da zafi da damina mai ƙarfi, ya yi ƙaranci a kan tuddai masu sanyi, watau dai yana bin sawun zazzaɓin cizon sauro. A 1964 kuma, a Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta cikin naman ciwon da aka aika musu daga Yuganda. Ita ce ƙwayar cuta ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Mu ma Nijeriya muna da hannu cikin wannan labari. Likita Victor Anomah Ngu, mutumin Kamaru wanda a lokacin ya ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna cewa maganin nan saikulofosfamaid yana narkar da ciwon, har a 1972 aka ba shi lambar girma ta Lasker a Amurka tare da Burkitt da wasu.

Ciwon Burkitt ya fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Babu dajin da ya kai shi saurin girma, ya kan ninka kansa cikin kwana 1 ko 2. Amma saurin nan nasa shi ne lagonsa, gama maganin daji ya fi kama naman da ke saurin haihuwa. A ƙasashen da ke da wadatar asibiti, wajen yara 9 cikin 10 su kan warke sarai. A ƙasashenmu na Afirka abin bai cika wuce rabi ba. Kuma ba baƙo ba ne a nan. Lissafin da likitocin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suka buga a 2012 ya nuna cewa cikin dajin yara da suka gani, na cikin ƙwayar ido ne kan gaba, na Burkitt yana biye da shi.

Na biyu ita ce sakomar tsoka, wadda ta fi kowace sakomar nama yawa wajen yara, galibi 'yan ƙasa da shekara 10. Fiye da sulusinta a kai da wuya ta ke fitowa. Labarinta yana da daɗin ji ta wani gefe, domin ya nuna abin da haɗa kai ke iya yi. Wajen 1970, yaro 1 ne cikin 4 ya ke tsira daga gare ta. Da ya ke babu asibiti guda da ya ke ganin masu ita da yawa har ya iya gwada wane magani ya fi, sai a 1972 asibitocin Amurka suka haɗu, suka yarda kowa ya bi tsari ɗaya, a tara sakamako wuri guda. Kafin shekara 25 ta cika, masu tsira sun kai wajen 7 cikin 10. Ba wani sabon maganin mamaki aka samo ba. Magunguna 3 ne waɗanda dā ma akwai su, binkiristin da aktinomaisin da saikulofosfamaid, aka koyi haɗa su, aka koyi lokacin da za a shigo da gashi, da lokacin da za a bar wuƙa a kube. Shi binkiristin, daga wani ɗan fure na tsibirin Madagaska a ke tatso shi, furen nan mai ruwan hoda ko fari da a ke shukawa a gaban ofisoshi don ado. Kada wani ya ji haka ya je ya jiƙa ganyen ya ba yaro. Sai an tara ganye tuli sa'an nan a sami ɗan abin da zai cika allura, ɗanyen ganyen kuwa guba ne.

Inda sakomar tsoka ta tsiro shi ke nuna yadda za ta ƙare. Wadda ta fito a gurbin ido ta fi sauƙi, fiye da yara 9 cikin 10 su kan tsira, sau da yawa har da idonsu. Dalili kuwa, ido ba ya ɓoye abu, da ya fara turowa kowa ya gani, ga shi kuma ƙashi ya kewaye wurin kamar ganuwa. Wadda ta ɓuya a bayan hanci, ko cikin kogon kumatu, ko can cikin kunne, ta fi haɗari, don tana maƙwabtaka da rigar ƙwaƙwalwa, kuma ta kan daɗe a na ce mata mura ko ciwon kunne. In kuwa aka bari ta kai huhu ko ɓargo, masu tsira ba su kai 1 cikin 3 ba, ko a Ingila ko a Amurka.

Na taɓa tarar da irin wannan a wata makaranta sa'ad da na ke zagayen duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta. Wata yarinya 'yar aji biyu tana zaune a baya, ta rufe gefen fuska da gyale. Ɗalibin namu ne ya ce mini wata guda ke nan idonta na hagu yana fitowa, an sayo mata maganin ɗigawa har kala uku a wani kantin magani, mai kantin ya ce ciwon ido ne na yayi. Ciwon ido na yayi kuwa ja ya ke sa ido da ƙaiƙayi da kwantsa, ba ya tura shi waje. Muka sami mahaifinta, hedimasta ya rubuta takarda, aka kai ta asibiti a makon. Wata guda ya riga ya tafi a kan maganin ɗigawa, kuma babu wanda ya yi haka da mugun nufi.

Na uku ita ce sakomar ƙashi, tare da 'yar'uwarta ta guringuntsi. Sakomar ƙashi ta fi son gwiwar samari masu tasowa. Wadda ke fitowa a muƙamuƙi ba ta kai 1 cikin 10 ba, kuma ta fi kama magidanta, 'yan shekara 30 zuwa 40. Ba ta cika saurin tafiya huhu kamar ta gwiwa ba, amma tana da naci, in aka bar ko ɗan ɓurɓushinta sai ta dawo a wurin, ta fi dā ƙarfi. Saboda haka duk binciken da aka yi a kanta ya tsaya a magana ɗaya, cewa abin da ya fi kome nuna ko mutum zai rayu shi ne ko an fid da ita dukanta a fiɗar farko, da lafiyayyen ƙashi kewaye da ita. In an samu haka, fiye da rabin masu ita su kan wuce shekara 5. Ta guringuntsi ma haka, har ta fi taurin kai, don ba ta cika jin magani ko gashi ba.

Wannan fiɗa babba ce, wani lokaci rabin muƙamuƙi a ke cirewa, kuma na san abin da ke sa mutane gudu ke nan. Mutum ya kan ce gara ya mutu da fuskarsa. Amma ya kamata a sani yanzu a na gyara wurin. A kan sa ƙarfe, ko a ɗebo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari a dasa. A 1989 wani likita a birnin Niyok, David Hidalgo, ya nuna yadda za a ɗauko siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa, a lanƙwasa shi ya yi siffar muƙamuƙi, a ɗinke jijiyoyin da na wuya. Mutum ya kan yi tafiyarsa lafiya ba tare da wannan ƙashin ba, ya ci tuwo, ya yi magana.

To, mai karatu ya duba abin da mu kan yi wa kumburi a gida. Da fari a shafa magani. In bai sace ba a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ya kafa ƙaho. Ban raina wanzamai ba, sun daɗe suna yi wa jama'a aiki tun babu asibiti, kuma maruru in ya nuna sakiya ta kan fid da mugunya a huta. Amma daji ba shi da mugunya. In aka huda shi jini ne zai fito, ramin ba zai rufe ba, naman ya biyo ta nan ya tsiro waje ya zama gyambo. Haka in haƙori yana girgiɗa aka je aka cire shi ba a ɗauki hoton muƙamuƙi ba, an buɗe wa ciwon ƙofa ke nan. Har a ƙananan asibitoci a kan yi irin wannan, wani ya ga ƙari ya yanke abin da ya samu, ya jefar da naman bai aika an duba ba. Bayan wata 3 abin ya dawo, likitan da zai karɓa daga baya bai san iyakar inda ciwon ya tsaya dā ba, tilas ya yanke fiye da abin da dā zai yanka. Duk wanda aka yanke wa wani ƙari, ko ɗan ƙanƙane ne, hakkinsa ne ya tambaya ina aka kai naman, kuma yaushe sakamako zai fito.

Mu a nan mun fi wasu sa'a, gama muna da Asibitin Tarayya a cikin garin Birnin Kudu, wanda mutumin Sara ko Basirka ko Kantoga zai iya isa ya koma a yini guda. Nan ya kamata a fara, su kuma likitoci su san inda za su tura mutum. Sai dai maganin sakoma ba aikin likita ɗaya ba ne. A na bukatar mai duba nama, da mai ɗaukar hoton cikin kai, da likitan fiɗar fuska, da likitan dajin yara, da mai na'urar gashi, su zauna su shirya abin da za a fara da abin da zai biyo. Wannan ya kan kai mutum Kano, tafiyar kimanin mil 80. In an zo gashi kuwa a kan ƙara gaba, zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar maganin daji a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Gashin nan ba wuta ba ce, haske ne wanda ido ba ya gani, ba a jin zafinsa sa'ad da a ke yi. Amma kwana 5 a ke yinsa kowane mako, har mako 5 ko 6, ba a son a tsallake. Maganin jijiya kuma a kan maimaita shi duk bayan mako 3, wata 6 har zuwa shekara guda.

Manomin da aka gaya wa haka a watan Yuli, ga gero yana jiran noma na biyu, kowa ya san abin da ke ransa. Kuɗin mota, da na abinci a garin da ba shi da kowa, da na magani, su kan cinye akuya da tunkiya har su taɓa sa. Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun taimakon masu ciwon daji a 2021, ya fara da daji iri 3, na mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Ni dai ina ganin dajin yara ya cancanci a sa shi gaba a duk irin wannan taimako, domin shi ne ya fi warkuwa, kuma wanda aka ceta yana da shekara 50 ko 60 a gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji su kan warke, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. A 2018 ta ɗaura niyyar a kai 60 a ko'ina kafin 2030. Magungunan ɗaya ne can da nan. Bambancin yana wajen zuwa a makare, da rashin gane ciwon daidai, da barin magani a tsakiya.

Wannan na ƙarshe ya fi ba ni tausayi, domin sau da yawa murna ce ke jawo shi. Yaro mai ciwon Burkitt, in aka sa masa magani zagaye na farko, cikin 'yan kwanaki kumburin ya kan sace kamar an yi dabo. Uba ya ga fuskar ɗansa ta dawo, ga gashin yaron yana zubewa, yana amai, ga aljihu ya yi ƙasa, sai ya ce alhamdu lillahi an warke, ya ɗauke shi su koma gida. Alhali saiwar tana nan. In ya dawo bayan wata 2 ko 3, sau da yawa maganin da ya ji da fari ba ya ƙara jinsa. Zubewar gashi da amai na ɗan lokaci ne, gashin ya kan sake tsirowa. Abin tsoro na gaske lokacin magani shi ne zazzaɓi, gama maganin yana rage sojojin jini. Yaron da ke kan maganin daji in jikinsa ya yi zafi, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa, ba a jira gari ya waye.

A nan ne na ke ganin malami yana da aiki na biyu bayan na gani da ido. Shi ne mai karanta wa uba takardar asibiti, ya rubuta masa ranakun komawa a jikin kalanda. Shi ya fi kowa sanin yadda za a je wa mai unguwa da limami da ƙungiyar iyaye da malamai a haɗa kuɗin mota. In yaron ya dawo aji da kai ba gashi, ko da tabo a fuska, malami ne zai gaya wa sauran yara cewa wannan ciwo ba a ɗaukarsa ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya, ya kuma hana tsokana tun ran farko.

Bayan an gama magani a kan bukaci mutum ya riƙa komawa duk wata 3, domin in ciwon zai dawo ya fi dawowa cikin shekara 2 ko 3 na farko, daga nan a riƙa tsawaita tsakani har shekara 5. Yaron da aka yi wa gashi a fuska yana bukatar ido a kansa fiye da haka. Gefen da aka gasa ya kan yi jinkirin girma, haƙoran wurin su kan fito ƙanana ko su ƙi fitowa, baki ya kan bushe, wani kuma yana ta kan rufe masa ido bayan shekaru, wadda a ke iya cirewa. Saboda haka a adana takardar sakamakon duba nama, da wadda ta nuna irin maganin da aka ba shi da yawan gashin da aka yi masa, a sa cikin leda a ajiye tare da takardun gona. Likitan da zai gan shi yana ɗan shekara 25 zai tambaye su.